Fil Shida Daga Maƙerar Baffa

Warin dalma ne yake fara zuwar mini duk sanda na tuna shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Wari ne mai ɗan zaƙi, kamar an jefa ƙaro a garwashi, amma yana da kaifi a can ƙasan maƙogwaro, kuma in ya kama mayafi sai an yi wanki biyu kafin ya saki. A lokacin na gama sakandare ina zaman jiran kwaleji. Ina da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da nake cikawa da waƙoƙi a kan hadari da tantabarun maƙwabta. Har shi littafin warin dalma yake yi.

Baba mai gyaran rediyo ne a zauren gidanmu da ke Jakara. Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne yana ta fara rufe masa ido. Yana ganin hasken ƙofa, yana gane mutum da muryarsa da tsayinsa, ƙafarsa ta haddace hanyar masallaci, amma siririyar waya ta riga ta ɓace masa. In aka kawo gyara sai ya karɓa, ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa, ya ce wa mai kayan, "Dawo gobe." Da mutumin ya fita sai ya shigo cikin gida da kayan a hammata ya ce, "Ke!"

Ni ce "Ke". Shekara guda ke nan nake zama a gindin katangar tsakar gida, inda haske ya fi kyau, ina riƙe da ƙarfen liƙi da dalma, shi kuma yana tsugune a gefena yana faɗa mini abin da zan taɓa. Ni ce ido da hannu, shi ne kai. Bai taɓa yi mini sannu ba. Duk ranar da aikin ya yi kyau ma ya fi jin haushina, kamar na ƙwace masa wani abu. Mu uku muka san zancen, ni da shi da Inna, kuma dukanmu mun san abin da zai faru in ya fita. Ba mai ba makaho rediyonsa, ba kuma mai yarda a ce 'ya mace ce ta buɗe masa shi a bayan katanga. Sana'ar Baba da sunansa a unguwa duk a kan wannan rufin asirin suke tsaye.

Wata Talata, ana zafin nan na gab da faɗuwar damina, mai shelar unguwarmu ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar zaure. Dattijo ne gajere mai katon wuya. Da can aikinsa sanarwar jana'iza da ɓatan yaro, amma tun da aka buɗe siyasa ya zama ɗan gata, kullum yana zagaya lunguna da lasifika ɗaure a gaban babur, batirin mota a baya, amfilifaya a tsakani, wato akwatin da yake ƙara wa murya ƙarfi. Wannan akwatin ne ya shigo da shi, karo na huɗu. Ina bayan ƙyauren soron ciki ina ji.

"Salamu alaikum, Injiniya. Na dawo da gawar."

"Wace gawa kuma?" in ji Baba.

"Wadda ka yi wa wanka makon jiya ka ce ta tashi. Ina tsakiyar unguwar Madabo, na ce, 'Jama'a, ana sanar da ku,' sai ɗif. Ni kaɗai ina ta wage baki kamar kifi a tire, mata na leƙe suna dariya."

"Tuƙinka ne. Ba ramin da kake ragawa."

"Ramukan nan tun kafin soja suke, kuma da can in ka gyara sai ta shekara. Ko dai hannu ne ya fara rawa?" Ya ɗan dakata. "Ko kuwa ido?"

Na ji kujerar Baba ta yi ƙara.

"Ga lamba nan a jikinta," in ji mai shela. "Karanta mini ita, don Allah."

"Ni ba ɗalibinka ba ne. Ajiye ka tafi."

"Zan ajiye. Ranar Asabar zan zaga da sanarwar taron sabon kansila, tun daga nan har Gwale. In ta sake mutu mini a hanya, Injiniya, ka san Allah ya ba ni wata lasifikar da ba ta cin batir. A ƙofar zauren nan zan tsaya in gaya wa jama'a abin da nake zargi."

Da muka kwance akwatin a tsakar gida na ciro allon cikinsa, wanda masu gyara suke kira fanel. Kore ne, bayansa shimfiɗe da siraran hanyoyin jan ƙarfe masu lanƙwasa. Kullum in na kalle shi sai in ga kamar lungunan cikin gari ne ake hange daga saman soro, har nakan zaɓi wani ɗigon dalma in ce nan ne gidanmu. Wayoyi shida ne suke fita daga cikinsa, biyu zuwa batir, biyu zuwa lasifika, biyu zuwa makirfo. Duk gyaran da muka yi a baya, kai tsaye muke liƙa su a kan hanyar jan ƙarfen. Jijjigar babur kuwa tana ja, tana ja, har jan ƙarfen ya ɗago daga allon kamar ɓawon albasa. Na faɗa wa Baba abin da na gani. Ya sa farce ya shafa wurin.

"Saura kaɗan hanyar ta ƙare gaba ɗaya," ya ce. "Fil za a kafa."

Ya bayyana mini shi cikin ƙosawa. Ɗan guntun tagulla ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, yana da 'yar kafaɗa a tsakiya. Ana tura ƙafarsa a hujin allo har kafaɗar ta zauna, a liƙe ta ƙasa, sannan a naɗa waya a kansa ta sama a liƙe. Turke ne, in ji shi, irin na akuya. In an ja, turken ne yake sha, ba hanyar ba. Na ce me zai hana mu yanka guntun waya mu kafa. Ya ce ai ya san boko ba ta hana wauta, abin da ba shi da kafaɗa da me zai tokare?

Ya sa na ɗauko gwangwanin madarar da yake tara irinsu. Ba komai a ciki sai mataccen gizo-gizo.

Da safiyar Laraba na janyo matattun rediyoyin da ke ƙarƙashin gadon Inna na farfasa su. Na sami fil uku. Biyu sun karye a bakin awartaki, ɗaya ya fito lafiya. Na ƙulle shi a gefen mayafi na nufi rumfunan masu sayar da batir da waya wajen kasuwar Kurmi. Bangon kowane lungu ya sha fastocin 'yan takara, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, rana ta koɗar da fuskokinsu duka.

Mai rumfar farko ya ce, "Fil? Hajiya, layin teloli yana can gaba." Maƙwabcinsa ya tuntsire da dariya. Na biyu ya karɓa ya duba da gaske, ya ce ba a kawo irinsa, sai dai a cikin tsohon kaya. Na uku ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ke ba 'yar gidan mai rediyon Jakara ba ce? Me ya hana shi zuwa da kansa? Mun kwana biyu ba mu gan shi a kasuwa ba." Na ce zazzaɓi yake yi, na karɓe fil ɗina na bar wurin da sauri.

A hanyar komawa ne na tuna cewa mutum ɗaya na sani da zai iya ƙera abu ƙanƙane haka, kuma shi ne mutumin da aka hana ni gaisarwa.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Maƙerin fari ne, irin masu yin zobe da awarwaro da 'yan kunne, sana'ar gidanmu tun kakanni. Zauren da Baba yake gyara a ciki shi ne maƙerar kakanmu. Bayan rasuwarsa Baba ya tumɓuke uwar maƙera, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, daga inda take kafe, ya jingine ta a waje, ya shigo da tebur da kujera. An ce Baffa da kansa ya sungume ta ya tsallaka lungu da ita, ya kafa ta a wani ɗan shago mai duhu da ke jikin gidansa, ƙofa uku daga tamu. Tun daga ranar ba sa haɗuwa sai a jana'iza, a can ma kowa gefensa yake kallo. Baffa yana da 'ya da ta girme ni da shekara biyu. Islamiyya ɗaya muka yi, tabarma ɗaya, ita a wannan bakin ni a wancan.

Na same shi bayan la'asar yana zaune a kan buzu, wutar maƙerar ta kusa mutuwa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baffa, ina wuni."

"Wace ce?"

Ina gabansa, hasken rana a kaina. Na haɗiye wulaƙancin.

"Ni ce, 'yar ƙaninka."

"Au, ina da ƙani? Ban sani ba. Na dai san akwai wani bature a zauren ubana."

Na kwance fil ɗin na miƙa masa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya buɗe tafin hannu yana fuskantar bango, kamar mai karɓar abin ƙyama, na ɗora masa. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya bi kafaɗar da farce.

"Wannan 'yar ƙazantar ce ta gagari injiniyoyi?"

"Guda shida nake so, Baffa, irinsa sak. Na tagulla."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Na sani. Ya gwammace ya ci garwashi."

Na kai hannu zan karɓi abina, sai ya cafke yatsuna. Hannunsa kamar ƙirgi. Babban yatsansa ya tsaya a kan tabon ƙunar da ke gefen manuniyata, ya danna. Sannan ya ja numfashi ta hanci.

"Kina warin dalma."

Na ce hayaƙin zaure ne yake shigo mana gida.

"Hayaƙin zaure ba ya ƙona yatsa." Ya sake ni, ya yi wata gajeriyar dariya da ba ta da daɗin ji. "To, to. Ashe haka ne."

Na tsaya ina jiran ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Abin da ya ce shi ne ba shi da abin da zai ja tagulla ta yi wannan sirantar. Akwai ƙarfen jan waya na kakanmu, faffaɗa mai jerin huji daga babba zuwa ƙarami, wanda ake zura waya a ciki a ja ta har ta kai kaurin da ake so. Yana wurin Baba.

"Ba ya amfani da shi, bai ma iya ba. Ya riƙe ne don kada in samu. Ki kawo shi, ki sami fil. In ba haka ba ki je layin teloli."

Na san inda yake, a akwatin ƙarfen Baba, naɗe a cikin tsohon rawani. Ranar Alhamis da safe, Baba yana zaure, na shiga ɗakinsa na ɗauko. Ina fitowa muka haɗa ido da Inna tana tsintar shinkafa. Ta kalli ƙullin da ke hannuna, ta mayar da kanta kan faifai.

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "Kuma in ta fashe kada ki kira sunana."

Baffa ya karɓi ƙarfen da hannu biyu. Ya bi hujin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya daɗe haka, har na fara tunanin ya manta da ni. Sai ya miƙe ya soke shi a hammata.

"Dawo gobe," ya ce, ya shige cikin gida.

Na lura cewa maganar Baba ce, da muryar Baba, har da yadda yake juya baya. Na ce a raina jini ne, mugun hali ma gadonsa ake yi.

Ranar Juma'a da hantsi ya miƙo mini su a ƙulle cikin takardar siminti. Na buɗe. Shida ne, suna sheƙi kamar zinare, kowanne da 'yar kafaɗarsa zagayayye, ba wanda ya fi wani ko da gashi. Ban so ba, amma sai da suka burge ni. Na tambayi ƙarfen kakanmu.

"Wane ƙarfe? Ya dawo gidansu."

"Baffa, ba da saninsa na ɗauko ba."

"Wannan kuma tsakaninki da ubanki."

Ina juyawa na ga 'yarsa a bakin ƙofar gida da bokiti a hannu. Yatsunta sun sha lalle har ya yi baƙi, alhali ba biki ake ba. Idonta yana kan takardar da na riƙe.

"A dai yi a hankali da su," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ba ke za ki koya mini ba," na ce, na wuce. Ni da ban iya tsawata wa kaza ba, ranar sai ga shi bakina ya iya.

Na jira Baba ya tafi masallacin Juma'a. An ɗauke wuta tun safe, don haka na hura gawayi a kasko na soka ƙarfen liƙin da muke amfani da shi in ba lantarki. Na ɗan faɗaɗa hujin allon da bakin basilla, na tura fil na farko. Ya shiga da ɗan ƙyar, yadda ake so, na buga shi a hankali da ƙotar wuƙa har kafaɗar ta zauna daram. Haka na kafa duka shidan. Suka tsaya a jere a bakin koren allon kamar mutane a sahu. Na ji daɗin da na manta rabona da shi.

Sai na ɗora dalma. Ta narke, ta dunƙule, ta gangaro ƙasa kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza. Na sake, ta sake gangarowa. Na ƙara wa ƙarfen zafi, sai fil ɗin ya yi baƙi, wani hayaƙi mai ƙauri ya tashi. Na gwada na biyu, na uku, duk ɗaya. Na zauna dirshan a ƙasa hawaye na zuba, ba na baƙin ciki ba, na tsana. Na tabbata da gangan Baffa ya yi. Ya karɓe ƙarfen ubansa, ya gano asirinmu, ya sallame ni da abin da ba zai liƙu ba, gobe kuma ya zauna a shagonsa yana sauraron mai shela a ƙofarmu.

A haka Baba ya shigo. Ya tsaya a tsakar gida yana shinshina iska.

"Me ake soyawa da man kaɗe?"

Ya tsuguna ya laluba allon, yatsansa ya sauka a kan fil. Ya shafa shi sama da ƙasa. Ya kai yatsan kusa da hancinsa. Na ga fuskarsa ta canza tun kafin ya yi magana.

"Huji ɗaya ne a garin nan yake fitar da wannan kaurin."

Ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Muka ji murfin akwati ya bugi bango. Inna ta ɗauki tsintsiya ta shige madafa. Da ya fito bai ɗaga hannu ba, bai ma ɗaga murya ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Ya taɓa hannunki?"

"E, Baba."

"Shi ke nan. Kin ɗauki idona a tafin hannunki kin kai masa." Ya juya wajen madafa. "Kin ji abin da kika haifa mini? Ɓarauniya mai rubuta waƙa."

Ya zauna a kan turmi. Inuwar katanga ta fara cin tsakar gida, hasken da nake aiki da shi yana raguwa. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Zare su duka. A kawo tsamiya."

Na ce Baffa ne ya lalata su da gangan.

"Rufe mini baki. Ba mugunta ba ce, jahilci ne. A gidanmu ba a fitar da aiki sai an goge shi da man kaɗe da kakin zuma, don kada ya dushe kafin ya isa hannun mai shi. Ya ɗauka awarwaro yake yi. Dalma kuwa ba ta hawa kan maiƙo."

Shekara nawa ban taɓa jin ya ce "gidanmu" yana nufin maƙera ba. Ya sa aka jiƙa tsamiya mai kauri a gwangwani, na zuba fil ɗin, na ɗora a kan garwashi har ya tafasa. Na tsame su da hantsaki, na dirje da toka, na ɗauraye, na shanya a kan murfin kwano a sauran ranar da ta rage. Ya ce in na sake taɓa su da yatsa sai ya karya yatsan. Sheƙin ya tafi, suka koma ja-ja, marasa kyau. Kafin in mayar da su ya ɗauki ɗaya da gefen rigarsa yana juyawa, na ji yana magana da kansa.

"Kafaɗar ta fita. Ban san hannunsa ya kai nan ba."

Wannan karon da na kara ƙarfen, dalma ta kwanta. Ta bi jikin fil ta zagaye ƙafarsa, ta haɗe da hanyar jan ƙarfe ta tsaya sumul, tana ƙyalli kamar ɗan tsauni bayan ruwan sama. Na liƙe shidan ta ƙasa, na juya allon, na fere bakin kowace waya na naɗa ta sau biyu a kan fil ɗinta, na liƙe da sauri don kada zafi ya sauka ya narkar da na ƙasan. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fizga da ƙarfinsa. Da muka mayar da allon cikin akwati ya ɗaga shi ya buga a bakin turmi sau uku, sannan ya haɗa batir ya hura makirfo. Kajin Inna suka watse.

Da safiyar Asabar mai shela ya zo. Baba ya dangwarar masa da akwatin a tebur.

"Ɗauki. Ka faɗa duk ramin da ka ga dama, har rijiya."

"Za mu gani, Injiniya."

Wunin ranar ban iya cin abinci ba. Na hau matakalar soro na zauna da littafina a cinya, ban rubuta ko harafi ba. Muryarsa tana zuwa tana tafiya a kan rufin gidaje, ta yi nisa wajen Madabo har ta koma kamar kukan sauro, in riƙe numfashi, sai iska ta sake kawo ta. Ban taɓa son mummunar murya kamar ranar ba. Gab da magariba ya wuce ta ƙofarmu yana ta kwarara sanarwarsa, bai ko rage gudu ba. Daga baya na ji ya ce wa mutane sa'a ce kawai.

Baba ya ci gaba da zama a zaurensa, ana kawo masa rediyo yana cewa a dawo gobe. Amma ya yi kusan wata guda ba ya ce mini komai sai "Ke" da sunan abin da zan taɓa, bai kuma sake barin akwatinsa ba kwaɗo ba. Ni kuwa kullum na fita sai na saci kallon shagon Baffa, ina jiran ranar da zai buɗe baki. Bai buɗe ba. Na tsane shi saboda shirun fiye da yadda zan tsane shi in ya yi magana, don gani nake ya ajiye maganar ne kamar wuƙa a kube, yana jiran lokacinta. Shekara biyu aka yi a haka, har Baba ya rufe zauren da kansa ya ce ya gaji. Su biyun sun rasu, tsakaninsu damina ɗaya, ba su shirya ba.

Na yi aure, na haihu, na fara koyarwa, kafin wani taron suna ya haɗa ni da 'yar Baffa a bayan gida muna wanke kwanuka. Mun girma, ba wanda ya rage da zai hana mu gaisawa. Ina miƙa mata kwano ta riƙe hannuna ta kalli tabon da ke manuniyata. Sannan ta juya nata hannun, babu lalle a ranar, na ga tabo ya fi goma.

"Fil ɗin nan sun yi kuwa?" ta ce. "Na daɗe ina son in tambaye ki."

Na ce sun yi, bayan mun dafa su da tsamiya.

"Wayyo, man ne ko? Ni na shafa. So nake su iso gidanku da kyansu."

Ita ta ja tagullar, ita ta fitar da kafaɗun da magagari, a gindin katangar tsakar gidansu. Idon Baffa ya riga na Baba tafiya da shekara uku.